Darasin Kasuwanci: Kalmomin Haɗari a Takardun Inshora da na Banki

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a garin Uke, cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, a kan babbar hanyar da ta taso daga Keffi ta ratsa Masaka da Mararaba da Nyanya kafin ta shiga birnin tarayya Abuja, ba zai daɗe ba zai fahimci cewa dukiya ce ke gudu a gabansa dare da rana. Ga manyan motoci maƙare da doya da lemo daga Binuwai, ga dankali da kayan lambu daga Filato, ga buhunan gawayi da na hatsi, ga kuma tankokin mai suna nufar inda waɗancan suka fito. Kowace mota daga cikinsu tana tafe da takardu: ta inshora, da ta kaya wadda aka rubuta a tasha, wani lokaci ma har da ta bashin bankin da aka sayi motar da shi. Dukkan waɗannan takardu da Turanci aka rubuta su, alhali kuwa da yawa daga cikin masu kayan da direbobin da Hausa suke ciniki.

A nan ne matsalar darasinmu na wannan mako ta samo asali. Turancin inshora da na banki yana da kalmomi da dama waɗanda kowace take da gurbinta, wato "danger" da "peril" da "hazard" da "risk" da kuma "threat", amma idan aka kira ɗan makaranta ya karanta wa mahaifinsa takardar, kusan dukkansu da kalma ɗaya zai fassara su, wato haɗari. Ba laifinsa ba ne, domin ko a gidajen rediyo haka akan yi idan lokaci ya ƙure. Sai dai a hira ta yau da kullum wannan ba ya cutar da kowa, amma a yarjejeniyar da aka sa wa hannu yakan raba mutum da jarinsa.

Bari mu kawo misali. A ce wani ɗan kasuwa ya sayi doya ta naira miliyan 3 a Lafiya, ya yi jinga da direba a kai masa Abuja. Kafin a tashi ya tambayi direban ko motar tana da inshora, direban ya nuna masa takarda ya ce ta haɗari ce, hankalinsa ya kwanta. Da suka iso kusa da Uke taya ta fashe, mota ta kife, doya ta farfashe, abin da ya rage kuma ruwan sama ya gama da shi. Da ya je neman diyya sai ya tarar da abubuwa biyu. Na farko, inshorar da ke jikin motar ita ce wadda doka ta wajabta tun daga dokar shekarar 1945, wadda ke biyan mutumin da motar ta yi wa ɓarna a kan hanya, ba mai motar ba, balle kayan da ta ɗauko. Daga ranar 1 ga Janairu na 2023 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 ga ƙananan motoci na gida maimakon naira 5,000, tare da diyyar ɓarnar dukiya har zuwa naira miliyan 3, amma ƙarin bai canja ko wane ne ake biya ba. Na biyu, a ƙasan takardar kayan da aka ba shi a tasha an rubuta cewa kayan suna tafiya ne "at owner's risk", ma'ana asarar da ta auku a hanya a wuyan mai kaya take. Ba wanda ya yi masa ƙarya ko ɗaya, kalmar haɗari ce ta haɗa abubuwa uku mabambanta a wuri guda.

Kalmar "danger" ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ta fi dacewa da haɗari ko hatsari kamar yadda Bahaushe ya san shi: abin cutarwa da ke kusa, wanda ido ke gani ko hankali ke ji. Ita ake rubutawa da jan fenti a bayan tankar mai da jikin taransifoma. Ba kalmar lissafi ba ce, shi ya sa ba a cika samunta a sharuɗɗan inshora ba, tunda ba wanda zai iya sa mata farashi. Abin lura kawai shi ne, kalmarmu ta haɗari daga Larabci ta zo, kuma ta sha bamban da hadari na ruwan sama, ko da yake tsofaffin keken rubutu marasa baƙaƙe masu lanƙwasa sun daɗe suna cakuɗa su a shafukan jarida.

Kalmar "peril" kuwa ita ce mai yanke hukunci ranar biyan diyya. A bakin 'yan inshora tana nufin ainihin abin da ya haddasa asarar, kamar gobara, ko ambaliya, ko sata, ko tsawa, ko tarzoma. Za mu iya kiranta musabbabin asara. Kamfanin inshora ba ya alkawarin biyan kowace irin asara, yana lissafa musabbabai ne ɗaya bayan ɗaya a takarda, wanda ba a ambata ba kuwa ba ya ciki. Inshorar gobara ta asali ta ƙunshi wuta da tsawa da wani nau'i na fashewar abubuwa, shi ke nan. Wanda yake son a haɗa masa da ambaliya da guguwa da tarzoma da faɗawar mota cikin shago, sai ya nemi ƙarin da ake kira "special perils", ya kuma ƙara kuɗi a kan na farko.

Birnin Kano ya ga fuskokin wannan magana guda biyu cikin 'yan shekaru. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna fiye da 3,000 a kasuwar Sabon Gari, sannan a watan Agusta na 2022 ruwan sama ya malale cikin kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shadda na maƙudan kuɗi. A idon ɗan kasuwa duka biyun masifa ce guda, domin kaya sun tafi. A idon takarda kuwa abubuwa biyu ne daban, wanda ya sayi inshorar gobara zalla da an biya shi a ta farko, a ta biyu kuwa ba shi da haƙƙin ko kwabo. Har ila yau, kada mai karatu ya ruɗu da takardar da aka yi wa laƙabi da "all risks", domin ko da yake sunan yana nufin ta game komai, a ƙarshenta akwai jerin abubuwan da aka keɓe, kamar yaƙi da tsufan kaya da lalacewar da ke fitowa daga jikin kayan kansu. Wannan na ƙarshe ya shafi masu tumatir da doya da kifi ƙwarai, tunda ruɓewar da kaya suka yi don kansu saboda jinkirin hanya ba ta cika shiga cikin abin da ake biya ba. A ganinmu wannan shafi na keɓe-keɓe shi ya kamata a fara karantawa kafin shafin farko.

Sai kalmar "hazard", wadda ta fi kowace wahalar fassara, kuma ta fi kowace amfani ga mai sana'a. Ba ita ce gobarar ba, ita ce jarkar fetur ɗin da aka ajiye a bayan shago. Ba ita ce kifewar mota ba, ita ce tsohuwar tayar da ta suɗe, da lodin da ya wuce ƙima, da direban da ya kwana biyu bai runtsa ba. Wato yanayi ne ko abu wanda ke ɗauke da cutarwa a jikinsa, yana sauƙaƙa aukuwar asara ko yana ƙara mata girma. Idan musabbabi shi ne wuta, to wannan shi ne makamashinta, kuma da wannan suna za mu ci gaba da kiransa, makamashin haɗari. Masana harshe sun ce kalmar ta shiga Turanci ne daga Faransanci a matsayin sunan wata caca da ake yi da ƙwayoyi, wasunsu ma suna danganta ta da Larabci.

Muhimmancin bambance makamashi da yiwuwar cutarwa ya fito fili a abin da ya faru a jihar Zamfara a shekarar 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dalmar da ke cikin duwatsun zinariyar yankin ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa ba ta kashe kowa ba. Makamashi ce kwance. Abin da ya mayar da ita ajali shi ne, da farashin zinariya ya tashi sai aka riƙa kawo duwatsun cikin gidaje ana daka su ana niƙa su a tsakar gida, a inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 ne suka rasu. A shekarar 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Maganin da aka yi a ƙauyuka irin su Bagega shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa da fitar da niƙan dutse daga cikin gari, wato ba a kawar da dalmar daga dutse ba, an dai raba ta da mutane. Jihar Nasarawa, wadda ke yi wa kanta kirari da gidan ma'adinai, tana da dubban masu haƙa da diga da shebur, saboda haka wannan darasi nata ne kai tsaye: tambayar ba ta tsaya ga ko dutsen yana da guba ba, ta haɗa da wa ke shaƙar ƙurarsa, a ina, kuma har tsawon wane lokaci.

'Yan inshora sun kasa makamashi gida biyu. Akwai na zahiri, kamar rufin ciyawa da wayoyin lantarki da aka jona barkatai, wanda jami'insu zai iya zuwa ya gani da idonsa. Akwai kuma na hali, wanda suke kira "moral hazard", wato sauyin da ke samun ɗabi'ar mutum idan ya san wani ne zai biya asararsa. Bahaushe yana da kalmomi biyu da suka kama wannan, sakaci da ganganci, banda ha'inci wanda shi laifi ne a gaban shari'a. Wannan shi ne dalilin da ya sa kamfani yakan bar wa mai inshora wani kaso na farko na asara ya biya da kansa. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake tambayarsa abin da yake ajiyewa a shago tun kafin a sa hannu. Wanda ya ɓoye cewa yana sayar da fetur a galan, ranar da wuta ta tashi kamfani yana iya ƙin biyansa ko da gobara tana cikin musabbaban da aka lissafa, domin an yi masa farashin shagon da ba nasa ba.

Haka abin yake a harkar banki. Hukumar Inshorar Ajiyar Kuɗi ta Nijeriya, NDIC, wadda aka kafa a 1988 ta fara aiki a 1989, ba ta taɓa alkawarin biyan duk abin da mutum ya ajiye ba. A lokacin da aka soke lasisin bankuna 26 a watan Janairu na 1998, iyakar abin da ta lamunce wa kowane mai ajiya naira 50,000 ne, saura kuma sai abin da aka samu bayan sayar da kadarorin bankin. A shekarar 2024 an ɗaga wannan iyaka zuwa naira miliyan 5 ga bankunan kasuwanci. Hikimar sa iyaka ita ce, da an lamunce komai da komai, da mai ajiya bai damu da lafiyar bankinsa ba, shi ma bankin da bai ji tsoron ba da bashin ganganci ba.

Yanzu sai uwar tafiyar, wato "risk". Wannan kalma ce ta awo. Tana nufin yiwuwar aukuwar asara haɗe da girman asarar idan ta auku, kuma saboda ana iya auna ta ne ake iya saye da sayar da ita. A ce akwai shaguna 1,000 a wata kasuwa, kowane da kayan naira miliyan 2, kuma abin da aka saba gani shi ne guda 5 ke ƙonewa a shekara. Asarar shekara ta kama naira miliyan 10 ke nan. Ba wanda ya san shagon wa wutar za ta ci, amma idan kowa ya zuba naira 10,000, an tara abin da zai mayar da mutum biyar ɗin kan ƙafafunsu. A kan wannan adadi kamfani ke ɗora kuɗin gudanarwa da ribarsa. Da irin wannan lissafi masu jiragen ruwa suka riƙa aiki a shagon gahawar Edward Lloyd a birnin Landan a ƙarshen ƙarni na 17, kuma shi ne kamfanin Royal Exchange ya shigo da shi Legas, inda ya buɗe reshe a 1921.

Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce kasada, amma da gyara. Kasada a bakinmu abu ne da mutum ke yi da zaɓinsa, yana sane, domin yana hangen riba. Fataken da suka riƙa bin madugu daga Kano zuwa Gwanja neman goro kasada suke yi, haka ma wanda ya sayi masara da kaka ya ɓoye yana jiran bazara. Turawa suna kiran wannan "speculative risk", mai fuska biyu, ko riba ko faɗuwa, kuma kamfanin inshora ba ya karɓarsa. Abin da yake karɓa shi ne "pure risk", mai fuska ɗaya, wanda ko dai a yi asara ko a tsira ba tare da an ƙaru da komai ba, wanda ya fi kama da abin da muke kira tsautsayi. Saboda haka mai masarar zai iya yi wa rumbunsa inshorar gobara, amma ba zai sami wanda zai biya shi don farashi ya karye ba. Hatta Hukumar Inshorar Aikin Gona ta Nijeriya, wadda shirinta ya fara a 1987, asalin aikinta shi ne biyan ɓarnar fari da ambaliya da ƙwari da cututtuka.

Wani abin sha'awa a gefe: daga cikin masu binciken asalin kalmomi akwai waɗanda ke ganin cewa "risk", wadda ta bi ta Italiyanci da Faransanci kafin ta isa Ingila, tushenta shi ne kalmar Larabci ta rizƙu, wadda mu muka ara muka mayar arziki. Wasu sun ce a'a, daga sunan dutsen da ke fasa jirgi a teku ta fito. Idan masu ra'ayin farko ne suka dace, to kalmar da Bature ke nufin yiwuwar asara da wadda Bahaushe ke nufin wadata 'yan ɗaki ɗaya ne.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun yi wannan rarrabewa da nasu kalmomin. A ƙiradi, inda wani ya ba da jari wani ya yi fatauci, idan aka faɗi ba tare da sakaci ba asarar kuɗi tana kan mai jari ne, shi kuma ma'aikaci ya yi asarar wahalarsa, domin wanda zai ci riba shi ne ya cancanci ɗaukar asara. Wannan kasada ce halattacciya. Abin da aka hana shi ne garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kamar kifin da ke cikin ruwa ko ɗan da ke cikin dabba. Saɓanin da malamai da yawa suka yi da inshorar zamani a kan wannan gaɓa yake, tare da batun riba da caca, kuma shi ya haifar da tsarin takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda don taimakon wanda abin ya faɗa wa. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma a 2016 aka ba kamfanonin Noor da Jaiz lasisin gudanar da shi. Sai dai takardar takaful ita ma tana lissafa musabbabai, tana tambayar makamashi, tana kuma da shafin keɓe-keɓe, don haka karatun da ake bukata bai ragu ba.

Kalmar "threat" ba ta bukatar dogon bayani, barazana ce, kuma yawanci akwai mai niyya a bayanta, kamar 'yan fashi ko masu garkuwa da mutane a hanya. Abin da ya kamata a sani shi ne, sata da fashi musabbabai ne da ake iya sa wa a inshorar kayan da ke kan hanya, amma ta'addanci da yaƙi galibi a keɓe suke sai an yi musu yarjejeniya ta dabam.

Akwai kuma wata kalma da ba ta cikin jerin farko amma bankuna suna yawan amfani da ita, wato "uncertainty", rashin tabbas. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Frank Knight, ya bambanta ta da kasada a littafinsa na 1921, inda ya nuna cewa kasada ita ce wadda ake da alƙaluman auna ta, rashin tabbas kuwa ba shi da ma'auni. 'Yan kasuwar Nijeriya sun san wannan a jikinsu. Tsakanin 1995 da 1998 dala tana kusan naira 22 a farashin gwamnati alhali ta haura naira 80 a ɗaya kasuwar, kuma ba lissafin da zai gaya wa mai shigo da kaya ranar da doka za ta canja. A farkon 2023 canjin takardun naira ya bar masu doya da kifi a bakin hanya da kaya ba masu saye, domin tsabar kuɗi ta ɓace. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka sanar da janye tallafin mai, a watan Yuni kuma Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 700 cikin 'yan kwanaki. Ba kamfanin inshorar da ya biya kowa a kan waɗannan. Abin da ɗan kasuwa ke iya yi a nan shi ne rage bashi, da rarraba jari, da barin wani abu a hannu.

Idan muka koma ga mai doyarmu na hanyar Uke, abin da ya rasa shi ne inshorar kayan da ke kan hanya, wadda ake kira "goods in transit", wadda shi ko mai motar za su iya saye, ko na tafiya guda ko na shekara. Kafin ya biya kuɗinta, ya kamata ya zaunar da dillalin inshora mai rajista ya sa shi ya amsa masa da Hausa, ɗaya bayan ɗaya: waɗanne musabbabai aka lissafa, shin kifewar mota da gobara da fashi duk suna ciki, shin an keɓe ruɓewa da jiƙewar ruwan sama, wane makamashi ne idan aka same shi a motar zai ɓata yarjejeniyar, kamar lodin da ya wuce ƙima ko direba marar lasisi, nawa ne kason farko da zai biya da kansa, kuma cikin kwana nawa ake bukatar ya kai rahoto bayan abin ya auku. Ya kuma karɓi rasit, domin tun daga watan Janairu na 2013 NAICOM ta tsaurara ƙa'idar cewa inshorar da ba a biya kuɗinta ba ba ta fara aiki ba, ko da takardar tana hannun mai ita.